Kaskar Zuma: Yadda Ake Ƙirga Ta da Yadda Ake Yi Mata Magani

Tun da amyar katako ta zamani ta fara yaɗuwa a hannun matasanmu, tambaya ɗaya nake ta sha daga sababbin masu kiwon zuma: "Malam, wane magani ake sa wa kaska?" Da ƙyar ka ji wanda ya fara tambayar ko kaskar ma tana cikin amyarsa, balle ko yawanta ya kai a tashi tsaye. Wannan ya kalli bidiyon wani mai kiwo a Amurka, ya ɗauka duk abin da ya gani wajibi ne a kansa. Wancan ya hango ɗan jan ƙwaro a bayan ƙuda, ya garzaya shagon magungunan dabbobi, ya sayo maganin kaskar shanu, ya jiƙa tsumma ya cusa cikin amya. Kafin mako ya zagayo ƙudan sun tashi sun bar masa katako, ko ya tarar da su zube a ƙofa. Garin neman gira an rasa ido. Da yake kurakuran ba sa canzawa, kuma kowace shekara sai an sami masu maimaita su, na ga ya dace in shimfiɗa aikin daki-daki, tare da dalilin kowane mataki.

Abin da za ka sani kafin ka buɗe amya

Kaskar zuma, wadda masana ke kira Varroa destructor, 'yar mitsitsiya ce mai launin ja da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta ya fi tsawonta: kimanin milimita 1.6 a faɗi, 1.1 a tsawo, ko ƙwayar riɗi ba ta kai ba. Asalinta a jikin wani jinsin ƙudan zuma na Asiya take, wanda ya daɗe da sanin yadda zai zauna da ita. Da aka kai ƙudan Turai can sai ta tsallaka kansu, daga nan ta bi cinikin amyoyi da sarauniyoyi ta karaɗe duniya. Ta bayyana a Amurka a 1987, a Ingila a 1992, a Afirka ta Kudu a 1997. An gano ta a Kenya a 2009, a 2012 kuma masu bincike suka wallafa rahoton samunta a kudu maso yammacin Najeriya.

A Turai da Amurka, amyar da aka bari babu magani yawanci 'yan shekaru take yi ta mutu. A nahiyarmu ba haka abin ya zo ba. Afirka ta Kudu ta yi asara da farko, amma galibin masu kiwo ba su bi ta da magani ba, cikin ƙasa da shekara goma ƙudan suka fi ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a Kenya, aka wallafa a 2014, ya ba da shawarar kada masu kiwon can su yi gaggawar sa sinadari. Ƙudanmu na da tsabta da zafin nama: suna kakkaɓe wa juna jiki, suna buɗe gurbin da kaska ta shiga su fitar da abin da ke ciki, suna yawan rabuwa, suna kuma yin ƙaura idan wuri ya ƙi, su bar kaskar cikin tsohuwar saƙa. Saboda haka amyoyi da yawa a wajenmu ba sa buƙatar magani ko kaɗan. Wasu kuwa suna buƙata, musamman raunana, da waɗanda aka jera a cunkushe wuri ɗaya. Ido ba ya raba maka su, sai ƙidaya.

Duk aikin ya rataya ne a kan yadda take haihuwa. Uwar kaska takan hau ƙuda mai renon 'ya'ya, ta lafe a ƙarƙashin cikinsa, tana cin wani kitse da ke adana masa abinci yana tace masa guba. Idan tsutsa ta kusa isa rufewa, sai kaskar ta sauka ta shige gurbin ta ɓuya a ƙasanta, ma'aikata su zo su liƙe bakin da kaki. Bayan kamar kwana uku ta saka ƙwan farko, wanda namiji ne. Sauran mata ne, ɗaya bayan kowace awa 30. A cikin rufaffen gurbin nan suke girma, su yi barbara, suna cin jikin ɗan zuman. Ranar da ya fito, uwar da 'ya'yanta mata da suka ƙosa su fito tare da shi, namijin da ƙananan su mutu a ciki. Gurbin ma'aikaciya yakan yi kimanin kwana 12 a rufe, na namiji 14 zuwa 15. Shi ya sa kaska ta fi son gurbin namiji nesa ba kusa ba, don ƙarin kwanakin na ba ta damar fitar da mata biyu ko uku maimakon ɗaya ko biyu.

Daga nan ka riƙe abu biyu. Muddin akwai rufaffun 'ya'ya a amya, mafi yawan kaskar na ƙarƙashin kaki, inda galibin magunguna ba sa isa. Sannan ɓarnarta ba a cizo kaɗai ta tsaya ba, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, mafi shahara cikinsu wadda ke sa ƙuda ya fito da fukafukai a ƙanƙance, yana jan ciki a ƙofar amya, ba zai taɓa tashi ba.

Wannan jagorar ta masu amyar da ake ɗaga saƙarta a mayar ce, wato mai firam irin ta Langstroth, ko doguwar nan ta Kenya mai sanduna a sama. Mai amyar ciyawa ko tukunya a kan bishiya ba shi da hanyar ƙirga daidai, kuma ba shi da dalilin zuba mata komai.

Kayan aiki

- Rigar kariya, hula mai raga, safar hannu, dogon takalmi, da abin busa hayaƙi.
- Kwalba mai faɗin baki. Ka yanke tsakiyar murfinta, ka sa ragar waya mai ido kimanin milimita 3, yadda kaska za ta fita ƙuda ba zai fita ba. Ragar sauro ta taga ta yi ƙanƙanta, kaskar maƙalewa za ta yi.
- Kofin awo mai cin mililita 120.
- Roba mai zurfi, mai santsin ciki.
- Garin sukari mai laushi irin na masu kek, ko sifirit, ko ruwan sabulun wanke kwanuka.
- Farin faranti, ruwa, da cokali mai yatsu.
- Tocila mai jan haske idan da yamma lis kake aiki, domin ƙuda ba ya ganin ja sosai.
- Littafi da biro, kowace amya kuma da lambarta.
- Idan ta kai ga magani: sikeli mai auna giram, sirinji mai cin mililita 50, safar roba mai kauri, da tabarau na kare ido.

Mataki na 1: Tabbatar da abin da ka gani

Akwai wata ƙwarƙwatar zuma mai suna Braula da ta daɗe a amyoyin Afirka, launinta kusan ɗaya da na kaska, kuma ita ce ta fi rikita sababbi. Ɗauki hotonta da waya ka faɗaɗa. Ƙwarƙwatar na da ƙafa shida, jikinta a dunƙule yake, tana da sauri, takan hau ƙirji da kan ƙuda, ta fi taruwa a jikin sarauniya. Abinci take sata daga bakin ƙuda, ba ta cin jikinsa, ba ta kuma kashe amya. Kaska na da ƙafa takwas a tattare ta gaba, a baje take, faɗinta a gicciye.

Hanya mafi sauri ta sanin ko kaska na nan ita ce guraben maza. Za ka gane su da girma da kuma murfinsu mai tudu, yawanci a gefe ko ƙasan saƙa. Soka cokali mai yatsu a ƙarƙashin murafun ka ɗago. 'Ya'yan za su fito farare fat, kaskar kuwa ta fito ja a jikinsu, ba ta da wurin ɓuya. Kada ka ce don ba ka ga komai a bayan manyan ƙudan ba amyar lafiya take. A ƙarƙashin ciki take lafewa, kuma duk ranar da ka fara ganinta a baya tana yawo, ta riga ta yi yawa.

Haka nan ba kowane rauni ne na kaska ba. Yunwa, tsohuwar sarauniya, feshin gonar maƙwabta, kwarkwasa, asun kaki da ƙaramin baƙin ƙwaron amya duk suna karya amya, kuma a wajenmu sun fi kaska yawan yin hakan. Duba su tukuna.

Mataki na 2: Ɗebo ƙudan da za a gwada

Daga saƙar da ke da buɗaɗɗun tsutsotsi, ko wadda ke maƙwabtaka da ita, za ka ɗiba, domin nan masu reno suke, su kuma kaska ke hawa. Wanda ya ɗebo daga ƙofa ko daga saƙar zuma ta baya zai sami adadi kaɗan, ya tafi da murna alhali ya ruɗi kansa.

Kafin komai nemo sarauniya. In ka gan ta a saƙar, mayar da ita ka ɗauki wata. Duba fuska biyun da kyau, don kwalbar gwaji ba wurin sarauniya ba ce.

Mai firam ya girgiza shi sau ɗaya da ƙarfi cikin roba. Tsofaffin za su tashi, masu reno su zauna. Ya buga gindin robar su taru gefe, ya cika kofin awo daidai baki, ya juye a kwalba ya rufe. Mai amyar Kenya kada ya girgiza, domin saƙarsa ba ta da waya, da zafin rana takan ɓalle ta faɗi da 'ya'ya da komai. Ya riƙe sandar saƙar na rataye tsaye, ya share ƙudan cikin robar da gashin tsuntsu. Hayaƙi kaɗan, hannu a natse, a gama da wuri. Ƙudanmu ba sa son a daɗe da buɗe musu gida.

Ana cewa kofin nan na ɗaukar ƙuda 300, amma da ƙudan Turai aka yi wannan awon, namu sun fi su ƙanƙanta. A gwajinka na farko ka yi na wanki (duba mataki na 3), ka zauna ka ƙirga gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, ka san abin da kofinka ke ci. Idan amyoyinka ba su wuce goma ba, gwada dukkansu. In sun fi haka, zaɓi takwas zuwa goma daga sassa daban-daban, har da ƙarfafa, domin amya mai yawan 'ya'ya ita ke tara kaska da yawa.

Mataki na 3: Ƙirga

Gwajin iri biyu ne, na sukari da na wanki. Na sukari ba ya kashe ƙuda. Zuba babban cokali biyu na garin ta cikin ragar, ka mirgina kwalbar minti ɗaya har kowane ƙuda ya yi fari. Ajiye a inuwa minti biyu. Garin na hana ƙafafun kaska kamawa, hutun nan kuma shi ke ba ta lokacin saki. Sai ka kife kwalbar a kan farin faranti ka girgiza da ƙarfi minti ɗaya cur. Yayyafa ruwa a farantin, sukarin ya narke, jajayen ɗigo su bayyana. Mayar da ƙudan amyarsu, 'yan'uwa za su lashe su.

Inda ake kuskure a nan: tausayin ƙuda ya sa a girgiza a hankali, kaska ta zauna abinta. Ko a bar kwalba a rana ƙudan su dahu. Ko a yi gwajin da damina, sukarin ya sha laima ya dunƙule. Gwajin sukari na hunturu da rani ne. Idan iska ta yi danshi, koma ga wanki.

Na wanki ya fi daidai. Zuba sifirit ko ruwan sabulu har ya rufe ƙudan, ka toshe bakin ka girgiza minti ɗaya, ka tace ruwan ta ragar zuwa faranti. Ƙara ruwa ka sake, har sai babu kaskar da ke fitowa. Ƙudan kam sun mutu, na kuma san abin na yi wa mai kiwo ciwo. Amma sarauniya mai ƙarfi na saka ƙwai sama da dubu a yini lokacin fure, ba a jin giɓin ɗari uku. Amfaninsa ma ga mai aikin yamma shi ne ya rufe kwalbar, ya rubuta lambar amya a jiki, ya ƙirga da safe cikin haske.

Lissafin mai sauƙi ne: raba yawan kaska da yawan ƙuda, ka ninka da ɗari. Kaska 9 a ƙuda 300, uku ke nan cikin ɗari.

Akwai masu shimfiɗa farin kwali da aka shafa wa mai a ƙasan amya su ƙirga abin da ya faɗo. A wajenmu tururuwa ke kwashewa kafin ka zo, kada ka dogara da shi.

Mataki na 4: Yanke hukunci

A Amurka, da adadi ya kai biyu zuwa uku cikin ɗari sukan sa magani. Da ƙudansu aka gina wannan ma'aunin. Ga shawarata ga namu. Ƙasa da uku cikin ɗari, rufe amya ka tafi. Daga uku zuwa biyar, idan amyar na da ƙarfi, 'ya'yanta a jere ba giɓi, babu mai lalataccen fiffike, yi mataki na 5 ka sake ƙirga bayan mako uku ko huɗu. Idan ya haura biyar, ko ƙidaya biyu a jere sun nuna yana hawa, ga kuma masu jan ciki a ƙofa da gurabe a huhhuje, to magani ya kama.

Kula da lokacin da ka yi ƙidayar. Idan fure ya yanke sarauniya ta rage saka, kaskar da ke cikin gurabe kan fito gaba ɗaya ta hau manya, adadi ya yi tsalle ba don ta ƙaru ba. Ƙidaya ɗaya ba ta isa hujja, abin dubawa shi ne inda adadin ya dosa. Ka riƙa gwaji sau ɗaya a wata lokacin da ake renon 'ya'ya da yawa. In ba hali, kada ka rasa kafin babban fure, da bayan ɗiban zuma.

Mataki na 5: Fara da abin da ba sinadari ba

Tunda gurbin namiji ne gidanta, yanke shi. Duk inda ka ga guraben maza sun rufe a dunƙule wuri ɗaya, sa wuƙa ka cire sashen. Mai firam zai iya sa firam ɗaya babu komai a gefen 'ya'ya lokacin fure, ƙudan su gina saƙar maza a ciki, ya cire bayan an rufe. Sharaɗin da ba a wasa da shi: namiji na fitowa a kwana 24 daga ƙwai. In ka manta har suka fito, ka yi wa kaska kiwo da hannunka. Rubuta ranar da ka sa, ka dawo kafin mako uku su cika. Abin da ka yanke kada ka jefar kusa da amyoyi, zai jawo fashi tsakanin ƙuda, kaskar ma ta koma. Kai shi gida a rufe, ka narka kakin, ko ka ba kaji. Kada kuma ka ƙarar da maza duka a kowace amya, sababbin sarauniyoyi na buƙatarsu, musamman mazan amyoyin da kaska ba ta dama ba.

Na biyu shi ne katse haihuwa. Idan ka raba amya mai ƙarfi gida biyu, ɓangaren da ba sarauniya zai ɗauki makonni kafin sabuwa ta fara saka, kaska ta rasa gurbin shiga. Sannan ka ba amyoyi tazara, ka juya ƙofofinsu fuskoki daban-daban don ƙuda ya daina ɓata gida. Raunanniya ka matse mata ƙofa, domin amyar da ke mutuwa da kaska, maƙwabtan da suka zo kwasar zumarta su ke tafiya da kaskar.

Mataki na 6: Ɗebe zumarka, sannan ka zaɓi magani

Kada magani ya haɗu da zumar da mutane za su sha. Mai Langstroth ya sauke akwatin zuma na sama. Mai amyar Kenya lamarinsa ya fi wuya, don 'ya'ya da zuma a ɗaki ɗaya suke. Ya ɗebe nunanniyar zuma tukuna, ya sa alama a sandunan da suka rage lokacin magani, zumar jikinsu ta zama abincin ƙuda, ba ta kasuwa ba.

Asid ɗin fomik, irin Formic Pro, shi ne ke ratsa murfin kaki ya kashe kaska a gurbi. Sai dai an tsara shi ne don ranakun da zafi bai wuce digiri 29 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyas ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda bazara ke kai 40, tururinsa zai kashe 'ya'ya da sarauniya. In ba a kan tsaunukan Jos ko Mambila kake ba, ka ƙyale shi.

Taimol, irin Apiguard, ya fi jure zafi, masu yinsa ma sun ce a raba awon biyu idan an haura digiri 25. Warinsa na da ƙarfi, yana iya sa sarauniya ta dakata da saka, ƙudanmu kuwa abu kaɗan ke sa su tashi. Gwada a amya ɗaya kafin ka bi sauran.

Amitiraz na zuwa a falle-fallen roba, irin Apivar. Ana rataya biyu a tsakiyar 'ya'ya, su yi aƙalla mako shida, don duk kaskar da ta fito daga gurbi ta tarar da shi. Kuskure biyu ake yi: a sa ɗaya don tsimi, ko a manta da su watanni. Duka biyun ƙaramin awo ne da ba ya kisa, sai dai ya bar masu juriya su hayayyafa. Ta haka wani maganin kaska mai suna Apistan ya daina aiki a ƙasashe da yawa. Cire su ranar da takardar ta ce, kuma kada ka maimaita magani ɗaya shekara da shekara.

Wani zai ce ai maganin kaskar shanu ma amitiraz ne. Sunan ɗaya ne, amma na shanu an haɗa shi da wasu sinadarai, an yi shi da ƙarfin da ya dace da fatar sa, kuma tsumma ba ya sakinsa a hankali yadda robar ke yi. Fiya-fiya da maganin feshin wake kuwa don kashe ƙwari aka yi su, ƙudan zuma ma ƙwaro ne. Bayan haka wasu magungunan na narkewa cikin kaki su zauna shekaru. Kakin Afirka na da daraja a kasuwar waje ne saboda ba shi da wannan ragowar, kuma wannan daraja ta duk masu kiwo ce, bai kamata mutum ɗaya ya zubar da ita ba. Duk abin da za ka saya, nemi wanda aka yi don zuma, a kwalinsa, da takardarsa da kwanan lalacewarsa, ka kuma nuna wa likitan dabbobi ko malamin gona.

Mataki na 7: Asid ɗin okzalik

Shi na fi ba da shawara, don ba ya taruwa a kaki, zafi bai dame shi kamar fomik ba, ba shi da tsada. Ana sayar da wanda aka tanada don zuma da sunan Api-Bioxal. Rauninsa ɗaya ne: kaskar da ke jikin manya kawai yake kashewa. In ka zuba shi amya na cike da rufaffun 'ya'ya, kaɗan ka taɓa, sauran su fito gobe. Don haka lokaci shi ne rabin maganin.

Lokacinsa uku ne. Sa'ad da fure ya yanke a yankinku ka buɗe ka ga babu rufaffun gurabe, ko sun zama 'yan ƙalilan da za ka iya yankewa. Ko bayan rabuwa, idan tsofaffin 'ya'ya sun gama fita, na sabuwar sarauniya ba a rufe su ba. Ko sabon taron da ya shiga amya: jira har ka ga ƙwai da ƙananan tsutsotsi, alamar sun zauna, ka sa kafin a fara rufewa, wanda ke zuwa kwana takwas zuwa tara bayan ƙwai.

Haɗi: giram 35 na asid ɗin a lita ɗaya ta ruwan sukari, wanda aka yi da sukari da ruwa awo daidai. Auna da sikeli, kada ka kintata da cokali. In ya yi ƙarfi ya kashe ƙuda, in ya yi rauni ya bar kaska. Yi amfani da ruwan sama mai tsabta ko tataccen ruwa, domin ruwan rijiya mai farar ƙasa na kama asid ɗin ya kwantar da shi. Narka shi a ɗan ruwan ɗumi kafin ka haɗa. Haɗa na ranar kawai, don idan ya kwana biyu a zafi yakan canza launi ya zama guba ga ƙuda.

Ja shi a sirinji, ka ɗiga mililita 5 a kowane tsagi tsakanin saƙa biyu inda ƙuda suke, a kan jikinsu kai tsaye. Tsagin da ba ƙuda tsallake shi. Kada ka wuce mililita 50 a amya komai girmanta. Mai amyar Kenya ya ɗan buɗa sandunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga ya mayar. Ƙudan da kansu za su yaɗa shi ta gogayya. Sau ɗaya ake yi a wannan zangon, maimaitawa na taƙaita ran ƙuda.

Asid ne na gaske, yana ƙona fata, yana lalata ido. Sa safar roba da tabarau, ka ajiye ruwa kusa. Garinsa fari ne, yaro zai ɗauka sukari ne, don haka rubuta a jikin mazubin, ka kulle shi nesa da ɗakin girki. Akwai masu ƙona shi ya zama hayaƙi da wata na'ura. Hayaƙin na illata huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. In ba ka da takunkumi mai matatar asid, tsaya ga ɗigawa.

Mataki na 8: Sake ƙirga, ka rubuta

Bayan mako ɗaya zuwa biyu da gama magani, maimaita gwajin da irin hanyar da ka bi da farko. In adadi bai sauka sosai ba, ko dai akwai rufaffun 'ya'ya da ba ka gani ba, ko maganin jabu ne ko ya lalace, ko kaska na shigowa daga wata amya da ke mutuwa a kusa. Nemo dalilin kafin ka ƙara komai.

A littafin ka sa lambar amya, rana, yawan kaska, ƙarfin amya, da abin da ka yi. Bayan shekara biyu za ka ga abin da ya fi kowane magani amfani: a fili ɗaya, wasu amyoyin kullum adadinsu a ƙasa yake ba tare da an taɓa su ba. Daga su za ka riƙa rabawa, daga su za ka ɗauki sarauniya. Wadda kuwa ta nemi magani shekara biyu a jere, canza mata sarauniya, domin in ka ci gaba da tallafa mata da sinadari, mazanta za su yaɗa rauninta a sauran. Kada ka yi sha'awar shigo da sarauniya ko ƙuda daga Turai don an ce ba su da faɗa. Ba su da juriyar namu, kuma ta irin wannan cinikin kaskar ta zaga duniya tun farko.

Ƙudan zuma na tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, saboda haka kaskar maƙwabcinka taka ce. In kuna da ƙungiyar masu kiwo a garinku, ku haɗa kuɗi ku sayi sikeli ɗaya mai kyau, kowa ya yi kwalbarsa, ku sa mako guda da za ku riƙa ƙidaya tare, ku kawo littattafanku wajen taro a kwatanta.